Rage wa motar zirga-zirga tsayi: ado, buƙata da haƙƙin hanya

Ƙafar mota, kamar yadda makanikai ke kiran duk abin da ya haɗa taya da gangar jikin mota, ta dogara ne a kan abubuwa biyu: sifirin da shokazoba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, yana matsewa idan taya ta hau tudu, ya miƙe idan ta faɗa rami. Da za a bar shi shi kaɗai, da motar ta yi ta lilo sama da ƙasa bayan kowace gargada. Shokazoba ce ke kashe wannan lilon. Sanda ce mai fistin a cikin bututu cike da mai, duk motsin da ta yi sai ta tura man ta wasu ƙananan ƙofofi, ƙarfin motsin ya koma zafi ya bi iska. Babban aikinta shi ne riƙe taya a manne da kwalta, domin birki da sitiyari ba su da wata hanyar isa ƙasa sai ta ɗan wurin da taya ke taɓawa.

A Jamus da Amurka da Japan akwai daɗaɗɗiyar al'adar cire waɗannan kaya da mota ta zo da su daga kamfani, a sa wasu da za su sauke ta kusa da ƙasa. Volkswagen Golf, wadda aka fara ƙerawa a 1974, tana cikin motocin da aka fi yi wa wannan aiki. Kamfanin da kansa ya nuna hanya a 1976 da ya fito da Golf GTI, mai ƙafa mafi tauri da jiki mafi kusa da ƙasa, kuma a samfuri na bakwai GTI ta gaza Golf ta gama-gari tsayi da milimita 15. Kamfanonin kayan gyara irin su Eibach da H&R na Jamus suna sayar da gajeren sifirin mai tauri, wanda yawanci yakan rage tsayin mota da milimita 25 zuwa 40. Bilstein na Jamus da Koni na Holan suna ƙera shokazobar da za ta iya da irin wannan sifirin. Cikin kayan Bilstein ma akwai waɗannan biyu: B6 ga motar da ke kan tsayinta na asali, B8 mai gajeriyar sanda ga wadda aka sauke.

Ribar aikin ta gaskiya ce. Idan nauyin mota ya matso ƙasa, kuma sifirin ya ƙara tauri, motar takan rage kwantawa gefe a kwana, hancinta ya rage dulmiya idan an taka birki, sitiyari kuma ya riƙa amsawa da wuri. Ratar da ke tsakanin taya da jiki ta ragu, motar ta zauna daram a ido. Sai dai kowane milimita da aka rage, daga wani wuri aka ciro shi. Tazarar da taya ke da ita ta motsawa sama kafin ta kai maƙura ta ragu, don haka ramin da a da ƙafa za ta shanye, yanzu sai ya buga wa na ciki. Kaskon baƙin mai da salansa da bamba sun matso kusa da tudun rage gudu. Saman tayoyi yakan karkata ciki, su riƙa cinyewa ta gefe guda idan ba a sake daidaita ƙafafun ba. Akwai kuma wani abu da masu aikin da yawa ba sa lura da shi. Gaban Golf, kamar na yawancin ƙananan motoci, yana kan tsarin nan da ake kira da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson. A wannan tsari, idan saukewar ta wuce kima, hannayen ƙafa na ƙasa sukan juya kusurwa, sai motar ta ƙara son kwantawa a kwana, taurin sifirin ne kawai ke ɓoye hakan. Mai motar ya biya kuɗi, ya rasa laushi, bai kuma sami duk riƙon hanyar da ya zo nema ba.

Daga nan tambayar addini da tunani take tasowa. Shin ya dace mutum ya kashe dukiya ya canza abin hawan da ke aiki lafiya, wanda yake zuwa aiki da shi, yake kai 'ya'yansa makaranta, don ya ƙara kyau ko ya ƙara jin daɗin tuƙi? Masu sayar da kaya sukan gabatar da aikin a matsayin ƙarin inganci kawai. Amma injiniyoyin da suka ƙera motar sun zauna ne sun yi sulhu tsakanin buƙatu masu karo da juna: laushi, riƙon hanya, ɗaukar kaya, tsawon rai da farashi. Wanda ya sauya sifirin ya sake wannan sulhun ne bisa nasa ra'ayin, ya fifita wani abu a kan wani. Tun zamanin Aristotal masu tunani suke auna kyawun abu da yadda yake cika aikin da aka yi shi dominsa, kuma aikin motar tsere daban yake da na motar da ke ɗaukar iyali da cefane. Saboda haka ba a iya cewa an gyara mota sai an san wace hanya take bi, wa take ɗauka.

A shari'ar Musulunci asalin ado halal ne, kuma dalilin da ya fi kusa da wannan mas'ala yana cikin Suratun Nahli, aya ta 8, inda aka ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imomin Allah, aka ce an halicce su don hawa da kuma ado, sannan ayar ta yi nuni da wasu halittun da mutane ba su sani ba. Malaman tafsiri na wannan zamani da yawa sun shigar da mota da jirgi cikin wannan nunin. Abin lura shi ne an jera hawa da ado wuri guda, ba a aibanta na biyun ba. Suratul A'arafi, aya ta 32, ta yi inkari ga mai haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. A Sahihu Muslim kuma akwai hadisin Ibnu Mas'ud, inda wani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, aka amsa masa cewa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka wanda ke zargin duk saurayin da ya gyara motarsa da fankama ya yi gaggawar hukunci. Son kyakkyawar sana'a da sha'awar fahimtar yadda inji ke aiki halaye ne na kirki, kuma niyya a zuciya take. Abin da ake tsoro shi ne aikin ya koma gasa, mutum ya riƙa kallon mai tsohuwar mota da wulaƙanci, kuma wannan cuta tana kama mai sabuwar motar da bai taɓa kwance mata ko noti ɗaya ba.

Halaccin asali bai rufe magana ba, domin ayar da ta gabaci ta adon, wato ta 31 a A'arafi, ita ce ta hana wuce iyaka. Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta tsananta a kan almubazzaranci, Suratul Furƙani, aya ta 67, ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Ma'aunin a nan yana bin halin mutum. Kuɗin da ba komai ba ne ga mai wadata yana iya zama zalunci ga wanda ake bin sa kuɗin haya ko na makaranta. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya tsara maslahohin da shari'a ke karewa hawa uku a littafinsa Al-Muwafaƙat: na larura, na buƙata, da na ƙawa. Ƙa'idarsa ita ce na ƙasa yana yi wa na sama hidima, ba a kuma riƙe shi idan zai rushe na saman. Wannan tsari ya dace da ƙafar mota ƙwarai. Shokazobar da ta mutu, tana yoyon mai, motar na tsalle, canza ta ya shiga kare rai, domin tayar da ke tsalle tana tsawaita tazarar tsayawar birki. Sa mai inganci a madadinta, ko da ta fi ta kamfani tsada, buƙata ce mai ma'ana ga mai yawan tafiya. Rage tsayi kuwa, a motar da ba ta zuwa filin tsere, mafi yawansa ƙawa ne. Wanda ya sayi gajeren sifirin alhali tayoyinsa sun suɗe, birkinsa na kuka, ya juya tsarin nan ƙasa a sama.

Mafi nauyin ɓangaren mas'alar shi ne cutarwa. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya ruwaito asalinta a Muwaɗɗa, tana cikin ginshiƙan fiƙihu, kuma hadisin Abu Sa'idul Khudri a Bukhari da Muslim ya lissafa kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya. Mota ba tufa ba ce da ke tsayawa a jikin mai ita. Ƙarfe ne da ya haura tan guda, yana gudu a tsakanin mutane. A nan ne rabin aiki yake zama laifi. Gajeren sifirin da aka ɗora wa tsohuwar shokazoba yakan fi ƙarfinta, ta kasa kashe lilonsa, ta kuma mutu da wuri. Wanda ya fi wannan muni shi ne yanke sifirin na asali ko gasa shi da wuta don a huta da sayen sabo: wuta tana lalata ƙarfen, yankakken sifirin kuma yana iya fita daga mazauninsa idan ƙafa ta miƙe. Motar da aka sauke ba a daidaita ƙafafunta da fitilunta ba tana cin taya, tana kuma iya kashe wa mai tahowa ido da dare. Sababbin motoci masu kyamara da na'urar hango abin da ke gaba suna buƙatar a sake saita su idan tsayi ya canza. Garin neman gira ake rasa ido, kuma a kan hanya idon da ake rasawa sau da yawa na wani ne.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ke cikin motar. Ibnu Hibban ya ruwaito hadisin da ya sanya abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace tagari da yalwataccen gida da maƙwabci nagari. Direba ne kaɗai ke jin daɗin amsawar sitiyari. Tsohuwa mai ciwon baya da mace mai juna biyu da ke zaune a baya taurin ne kawai rabonsu. Adalci ya nemi a shawarce su kafin a taɓa motar da gida duka ke hawa, kuma wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi.

Hukumomi ma sun sa baki. A Jamus, sashe na 19 na dokar rajistar ababen hawa ya sa izinin hawan mota yana iya faɗuwa idan an yi mata canjin da zai jawo haɗari, don haka ake buƙatar kayan su zo da takardar amincewa, sau da yawa kuma sai masu duba motoci irin su TÜV ko DEKRA sun gani. A Ingila wajibi ne a sanar da kamfanin inshora. A Kalifoniya, inda Amurkawa 'yan asalin Meziko suka raya al'adar saukakkun motoci masu tafiya a hankali bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an kafa doka a ƙarshen shekarun 1950 da ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya, aka kuma soke ta da wata dokar da aka sa wa hannu a 2023. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma mai sakaci yana ɗaukar lamunin ɓarnar da ya jawo.

Wuri ma yana canza amsa. Golf ɗin da ake saukewa a Jamus don shimfiɗaɗɗiyar kwalta, samfurinta na uku ne ya zama motar haya da ɗaukar kaya a arewacin Najeriya, inda direbobi ke neman ƙarin tsayi da ƙarfin baya. Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ta yi suna ne saboda tsayinta da laushin ƙafarta a hanya mai gargada. A titin da ke da ramuka da tudun rage gudu, wanda ruwa ke cikawa da damina, milimita 35 na iya raba mota da kaskon manta.

Hukuncin da waɗannan dalilai suka bayar shi ne aikin halal ne a asalinsa, da sharuɗɗa: a yi shi da rarar dukiya bayan an sauke haƙƙin iyali da bashi, a haɗa sifirin da shokazobar da aka ƙera dominsa, a daidaita ƙafafu da fitilu, a bi dokar ƙasa, a kuma tabbatar hanyar da motar ke bi kullum za ta ɗauke shi. Idan aka zo sayarwa, dole a faɗa wa mai saye abin da aka canza, domin ɓoye aibi yana ba shi damar mayar da ciniki. Yanke sifirin ko gasa shi ba shi da wani uzuri. Ga mafi yawan masu motar zirga-zirga, shokazoba mai inganci a kan tsayin asali, tare da tayoyi masu kyau, ita ce ke ba da mafi yawan riƙon hanyar da ake nema ba tare da an taɓa haƙƙin kowa ba.