Kyauta ce ko Toshi?

Wata rana da yamma na kai wa wani abokina ziyara a ɗakin kwanansa, shi kuwa yana aji huɗu a fannin likitanci. Na tarar da shi yana rubutu da biro mai sunan wani magani a jiki, jakar littattafansa ma da tambarin kamfanin. Ya ce a wurin wata lacca aka raba musu, har da shinkafa da kaza, kuma kamfanin ne ya ɗauki nauyin malamin da ya yi jawabi. Na ce, "Malam, an fara yi maka toshi ke nan." Ya fusata, ya ce biro ba ya sayen likita. Muka yi ta musu har aka kira magariba, ba wanda ya ka da wani.

Mu da muke nazarin Hausa mun san Bahaushe bai tara bayarwa duka a suna ɗaya ba. Akwai sadaka, wadda mai yin ta ba ya jiran komai daga wanda ya ba. Akwai gudummawar biki, wadda ake riƙewa a rai domin a rama. Akwai gaisuwar da talaka ke kai wa mai sarauta, da toshin da saurayi ke yi wa budurwa, da diyyar da ake biya bayan an yi ɓarna. Hannu ɗaya ne ke miƙa su duka, abin da ke biyo bayan miƙawar shi ne ya bambanta su. To, a wane gida za mu sa alherin kamfanonin magunguna?

Gaskiya ɗaya ce, akwai wanda ya cancanci yabo. A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi shelar zai riƙa ba da maganinsa Mectizan kyauta, muddin ana bukatarsa, domin yaƙi da cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke sawa. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Jamhuriyar Nijar ta raba kanta da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Wasu na cewa ai neman suna ne. Ko da haka ne, manomin da idonsa ya tsira bai biya kobo ba, ba a kuma ɗora masa sayen wani abu daga baya ba. Zuciyar mai bayarwa ba tawa ba ce balle in leƙa.

Sai dai mu mutanen Arewa muna da dalilin yin kaffa-kaffa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a Kano da yara wajen 200, yara 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba wani maganin don kwatantawa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, an ware miliyan 30 daga ciki domin ayyukan lafiya. Duk ginin da aka yi da wannan kuɗi, ni dai ba zan kira shi kyauta ba. Wannan kamfani kuwa tun 1998 yake ba da Zithromax kyauta saboda amosanin ido. Alherin alheri ne, amma waɗanda suka amfana daban, waɗanda suka yi kuka daban, ba a biyan bashin Audu a hannun Tanko. Kuma labarin Trovan yana cikin abin da aka yi ta ambatawa sa'ad da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003.

Inda abin ya fi damuna shi ne kyautar da ake yi wa makarantar likitoci, domin a nan mutum uku ne a cikin cinikin. Kamfani ya bayar, likita ya karɓa, majinyaci kuwa, wanda bai ci kazar ba, shi zai je kantin magani da takarda a hannu. Ba shi da ikon zaɓe, abin da aka rubuta masa shi zai saya, ko da zai sayar da akuya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya nuna likitocin da kamfani ya ciyar sau ɗaya rak, abincin da bai kai dala 20 ba, sun fi saura rubuta maganin wannan kamfani. Ba wai an saye su ba ne, su ma za su rantse ba a saye su ba. Abin nan ne da Bahaushe ya daɗe da ganewa, in baki ya ci ido ya ji kunya. Kamfanin Purdue, mai maganin kashe zafi OxyContin, ya zuba kuɗi a wani kwas na nazarin ciwo a Jami'ar Tufts, a 2007 kuma aka amsa laifin ɓoye haɗarin kamuwa da jarabar maganin. Sai a 2019 jami'ar ta kankare sunan iyalin Sackler, masu kamfanin, daga gine-ginenta.

Abokina yana da hujja, ba zan ɓoye ba. Ya ce ni ɗalibin Hausa littafi da alƙalami sun ishe ni, shi kuwa yana bukatar na'urori da mujallu masu tsada, in gwamnati ba ta saya ba, wa zai saya? Ban ce a kori masu bayarwa ba. Cewa na yi su zuba a asusun jami'a, a kafa sunansu da adadin kuɗin a allon sanarwa, sa'annan malamanmu su zaɓi abin da za a koyar da wanda zai koyar. Kamfanin da ya amince da haka mun gode masa. Wanda ya ce sai dai shi ya zo da malaminsa, to, ya gaya mana sunan abin da ya kawo.

Bayan mako biyu na sake komawa wurinsa. Na tambaye shi ko a laccar nan an ambaci wani magani mai rahusa da ke yin aiki iri ɗaya. Ya buɗe littafinsa, ya duba shafi uku da ya rubuta, ya ce bai gani ba.