Lambar da Kake Rubutawa Amana Ce

Ɗana, kai da Allah Ya ɗora wa aikin ɗakin kati da lissafin kuɗin inshora a asibiti, ba ni aron kunnenka a kan wata folda da wata rana za ta iso teburinka. Za ka buɗe ka tarar likita ya rubuta cewa mace ce mai juna biyu, mahaifarta ta zazzago, wataƙila har bakin mahaifar ya leƙo waje. Lalura ce da ba kasafai ake ganinta ga mai ciki ba, shi ya sa hannu yake rugawa ga lambar da ya saba, kuma a nan ne mai kyakkyawar niyya irinka yakan yi tuntuɓe.

Ka san littafin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ajiye zazzagowar mahaifa a ƙarƙashin N81: N81.2 ga wadda ba ta gama fitowa ba, N81.3 ga wadda ta fito gaba ɗaya. Wannan daidai ne ga matar da ba ta da ciki. Amma in ka yi haƙuri ka karanta gargaɗin da ke ƙasan N81, za ka ga littafin da kansa ya ware mai ciki, ya aika ka babi na 15, babin ciki da haihuwa da jego, wurin O34.5, lambar kula da uwa saboda matsalar mahaifar da ke ɗauke da ciki. In matsalar ce ta tare hanya har naƙuda ta cije, ka duba O65.5. Sai an gama makonni 6 na jego, in lalurar tana nan, sannan N81 za ta karɓe ta. Kuma lambobin babin nan a foldar uwa kaɗai ake sa su, ba a kai su katin jariri.

A Amurka, inda suka koma wa ICD-10-CM ranar 1 ga Oktoba 2015, abin ya fi haka tsanani, domin lambar tana bin tsufan cikin: O34.521 kafin mako 14, O34.522 daga mako 14 zuwa kafin 28, O34.523 daga mako 28 har haihuwa, sannan a ƙara wata daga rukunin Z3A mai faɗin makon daidai. In an auna mata zoben roba mai tallafe mahaifa aka sa mata, aikin yana da tasa lambar a littafinsu na CPT, wato 57160. Na kawo maka wannan ne don ka ga nauyin da makon ciki yake da shi, don haka ka fara sanin littafin da kamfanin inshora ko hukumar jiharku take karɓa, kada ka haɗa na wancan da na wannan.

Me ya sa nake nanata maka? Saboda bayan lambar nan akwai mutum. Sau da yawa mace ce da ta sha haihuwa, ta sha doguwar naƙuda, ta yi shekaru tana ɗaukar ruwa da itace, kuma sai da ta yi ta fama da kunya kafin ta iya faɗa wa nas abin da ke damunta. Yanzu tana buƙatar zuwa awo a kai a kai, a duba zoben, a ga ko fitsari yana riƙewa, ko bakin mahaifa ya yi gyambo, ko naƙuda tana neman zuwa kafin lokaci. In lambarka ta saɓa da abin da likita ya rubuta, takardar neman biya za ta dawo, a ce wa maigida ya biya daga aljihunsa, shi kuma in babu, sai ta daina zuwa. Tun 2022 dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya domin irin wannan baiwar Allah ta samu sauƙi, kuma sauƙin nan ta hannunka yake bi.

Akwai jarrabawa biyu da za su same ka. Ta farko gajiya ce: layi ya yi tsawo, rubutun likita bai fito ba, makon ciki babu shi, zuciya ta ce ka cika da ka. Kada ka yarda, ɗana. Tashi ka je wurin likitan ka tambaye shi cikin ladabi, ya gyara da hannunsa ya sa hannu, domin matambayi ba ya ɓata. Ta biyu ta fi haɗari: wani ya raɗa maka ka ƙara kwanan gado, ko ka sa aikin da ba a yi ba don kuɗin ya ƙaru. Wannan ha'inci ne ko da sunan taimakon asibiti aka yi shi, kuma ranar da masu bincike suka ɗora takardarka a kan foldar, sunanka za su gani. Bayan haka, ƙaryar tana zama a tarihin matar, ta ɓatar da likitan da zai karɓi cikinta na gaba, ta kuma gurɓata ƙididdigar da hukuma ke tsara aiki da ita.

Sannan ka riƙe bakinka. Abin da ka karanta a foldar nan sirrin matar aure ne, ko da 'yar unguwarku ce, kada ya bi ka majalisa, kada ya bi ka gida. Na san ba ka riƙe allura ba, ba ka shiga ɗakin haihuwa ba, amma in ka karanta da kyau, ka tambayi abin da ya shige maka, ka rubuta gaskiya, ka rufa asiri, to kana cikin waɗanda suka raka ta har ta sauka lafiya. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsarkake abin da kake ci.