Kakin Zuma da Fatar Alade a Ɗakin Tiyata

A Dungu, ciwon baya abokin manomi ne. Idan ya yi tsanani har ƙafa ta fara mutuwa, sai a nufi Damagaram, ko a tsallaka Kano, asibitin ƙashi na Dala. Can likita zai ce guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin baya ya fito yana danne jijiya, sai an yanka.

Ƙashi yana zubar da jini idan aka kankare shi, kuma ba ya ɗinkuwa da zare. Tun 1892 likitan Ingila Victor Horsley ya haɗa kakin zuma da man almon yana toshe ƙananan ƙofofin ƙashi. Kakin na tsayar da jini, amma yana hana ƙashi tsirowa a inda aka shafa shi, don haka ba a sa shi inda ake son ƙasusuwa su haɗe. Wannan ba ya tayar wa kowa hankali. Mai tayarwa shi ne soson da ake kira Gelfoam, wanda ake yi da jelatin na fatar alade, a bar shi cikin rauni don tsayar da jini, jiki ya narkar da shi cikin mako huɗu zuwa shida.

Wani dattijo ya tambaye ni: "Malam, in mutu da wannan a jikina fa?" Na ɗauki tambayarsa da nauyi, domin tsoron Allah ne ya kawo ta.

Na ce masa, "Baba, aya ta 173 a Suratul Baƙara da ta haramta naman alade, ita ce kuma ta ɗauke laifi ga wanda lalura ta tilasta." Ga kuma istihala: a fiƙihunmu na Malikiyya, giyar da ta rikiɗe ta zama ruwan tsami tsarkakakkiya ce. A kan wannan ƙa'ida malamai da likitocin da suka taru a Kuwait a 1995 suka halatta irin wannan jelatin. Akwai malaman da ke ganin rikiɗar ba ta cika ba. Ina girmama su, amma ko su ba su hana mai lalura ba.

Ni abin da ke damuna shi ne a sa wa mutum abu yana cikin maganin barci ba a gaya masa ba. Jiki amana ne a hannunsa, shi za a tambaya a kansa. Akwai wani mai tsayar da jini, Surgicel, da ake yi daga tsiro. Idan asibiti na da shi kuma ya dace da aikin, a ba majinyaci zaɓi kafin ya sa hannu a takarda. Idan babu, a faɗa masa, ya shiga tiyata da natsuwa.