Addinin Vodu a Labaran Zane na Ban Tsoro

Vodu addini ne da ya kafu a Haiti, tushensa daga bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, musamman Fon na tsohuwar Dahomey. Mabiyansa sun yarda da Ubangiji guda, Bondye, da kuma iskoki da ake kira lwa, waɗanda ke tsakaninsa da mutane.

Amurka ta san wannan addini ta baibai. Tun lokacin mamayar da sojojinta suka yi wa Haiti daga 1915 zuwa 1934, littattafai da finafinai suka cika da bokaye da gawa mai tafiya, wato zombi. Masu labaran zane suka ɗauka daga nan, har dokar tace su ta 1954 ta hana zana irin waɗannan gawawwaki. A 1973 kamfanin Marvel ya fito da Tales of the Zombie a matsayin mujalla, wadda dokar ba ta shafa ba, ya kuma ƙirƙiro Brother Voodoo, likitan halayyar ɗan Adam da ya koma Haiti ya gaji ɗan'uwansa a hidimar lwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'anar zombi. A Haiti, tsoron ba na cizonsa ba ne. Tsoron shi ne a raba mutum da kurwarsa, a sa shi bauta ko bayan mutuwa. Wannan tabon zamanin bauta ne, kuma yawancin zane-zanen sun zubar da shi, suka riƙe ban tsoron kawai. 'Yar tsanar da ake soka wa allura ma, wadda ake jingina wa Vodu, asalinta ya fi kusa da tsafin Turai.