Agogon Sabar da Matsayin Ilimin da Ake Karɓa Daga Wani

Daga cikin tambayoyin da masana falsafa suka daɗe suna taƙaddama a kansu akwai ta ilimin da mutum ke samu daga bakin wani, wato ko ya cancanci a kira shi ilimi alhali mai shi bai gani da idonsa ba. Agogon sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ya mayar da wannan tambaya lamarin yau da kullum, domin babu agogon da ya san lokaci da kansa. Iyakar aikinsa ƙirga kaɗawar wani ƙanƙanin ma'adinin kwatz, wanda zafi da sanyi ke sa shi gaggawa ko jinkiri.

Maganin da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya fitar a 1985, wanda ake kira NTP, shi ne kowace kwamfuta ta riƙa tambayar waɗanda suka fi ta kusa da tushe, hawa-hawa, har a kai ga agogon atom, inda tun 1967 ake auna sakan ɗaya da kaɗawa 9,192,631,770 ta sinadarin sisiyom. Mai nazarin hadisi ba zai rasa ganin kamannin isnadi a nan ba, domin ana fifita gajeriyar silsila, ana sauraron majiyoyi da yawa, kuma ana watsar da wadda ta saɓa wa jama'a. Shi kansa lokacin duniya, UTC, ba agogo guda ke riƙe da shi ba; wani ofishi a kusa da Paris ne ke fitar da shi daga matsakaicin ɗaruruwan agogo, wanda ke nuna cewa ko a ƙololuwar silsilar ma ittifaƙi ne ake dogaro da shi.

Lamarin ya fi tsanani ga kwantena, wato keɓantaccen muhallin da ake killace manhaja a cikinsa har ta zaci ita kaɗai ce a na'urar. A tsarin Linux dukkan kwantenoni suna tarayya a kanel guda, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, saboda haka agogon kwanan wata ɗaya suke karantawa, kuma a bisa al'ada an hana su ikon taɓa shi. Idan sabar ta kauce da fiye da minti biyar, tsarin tantance masu shiga irin su Kerberos kan ƙi amincewa da kwantenonin gaba ɗaya, ba tare da wata kwantena ta iya gano inda kuskuren ya fito ba.

Wannan dogaro ba aibi ba ne, kuma ilimin da aka karɓa ta silsilar da ake bincika ilimi ne na gaskiya, amma nauyinsa yana wuyan wanda aka ba ikon bincike. Don haka wurin da ya dace a girka manhajar daidaita lokaci, kamar chrony, shi ne kan sabar kanta, kuma mai kula da ita ne abin tuhuma idan ya bar agogonta ba tare da majiya fiye da ɗaya ba.