HUKUNCIN TARA WA ƘUNGIYA KUƊI TA HANYAR CACAR TIKITI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wannan nasiha ce ga matasanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, musamman shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo da na ci gaban unguwa. Dalilinta wata tambaya ce da wasu samari suka kawo mana bayan karatun Magariba. Suka ce ƙungiyarsu ba riguna, ba ƙwallo, fili duk ramuka, kuɗin mota zuwa wasa a Gusau ya gagara. Sai wani ya kawo shawara a buga tikiti a sayar wa jama'a, duk ƙarshen wata a zuba lambobi cikin ƙwarya a jawo ɗaya. Wanda tasa ta fito ya tafi da rabin kuɗin, saura ya shiga asusun ƙungiya. Suka ce, "Malam, ai ba don aljihunmu ba ne, don gari ne. Ya halatta?"

Amsa ita ce bai halatta ba. Caca ce, ko da an sa mata riga.

MECE CE CACA?

Malamai sun ce caca ita ce mutum ya zuba dukiyarsa cikin abin da bai sani ba ko ya ci ko a cinye shi, kuma abin da mai ci ya ɗauka daga hannun waɗanda aka cinye ya fito. To, a auna wannan tikiti da wannan ma'auni. Misali an sayar da tikiti 500, kowane naira 200, an tara naira 100,000. Mutum ɗaya ya ɗauki 50,000. Daga ina ta fito? Daga mutum 499 da suka koma gida hannu rabbana. Wace sana'a ya yi musu? Wane kaya ya sayar musu? Babu. Allah Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29. A Suratul Ma'ida kuwa, aya ta 90 da 91, Ya jera caca tare da giya da gumaka, Ya umurce mu da nisantarta, Ya bayyana cewa Shaiɗan na amfani da ita don jefa gaba da ƙiyayya tsakaninmu, da shagaltar da mu daga ambaton Allah da salla.

"AI TAIMAKO NE"

Nan ne shubuhar take, sai a saurara da kyau. Cacar da Alƙur'ani ya sauka ya haramta, ita ma da sunan taimako Larabawa ke yin ta. A zamanin jahiliyya sukan sayi raƙumi su yanka, su kawo kibau goma. Bakwai suna da rabo, uku ba su da komai. Wanda kibiyarsa ta fito fanko shi ke biyan kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa sau da yawa ba su cin naman, matalauta suke raba wa, suna alfahari da haka, suna zargin wanda ya ƙi shiga da rowa. Kun ji fa! Caca ce mai ciyar da miskinai, amma aka haramta ta. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai ɗan amfani a cikinta ba, sai dai ta nuna zunubinta ya rinjayi amfaninta. In ciyar da mayunwaci bai halatta caca ba, yaya sayen rigar ƙwallo zai halatta ta?

Kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai abu mai tsarki. Ba a wanke tufa da ruwan kwata.

"AI ƘURI'A CE KAWAI"

Ƙuri'a ita kanta ba haram ba ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Amma ba wadda ta biya kuɗi kafin a sa sunanta, ba wadda aka karɓe wa dukiya aka bai wa wata. Bambancin ke nan. Shi ya sa adashi ya halatta: kowa abin da ya zuba shi zai kwasa, ko da ƙuri'a aka fitar da wanda zai fara ɗauka.

"AI A WAJE MA ANA YI"

Gaskiya ne. A ƙasar Kanada ƙungiyoyin wasanni na ƙauyuka, kamar masu wasan tura dutse bisa ƙanƙara, da irin wannan caca ta raba-daidai suke tara kuɗi, da lasisin hukumarsu. Wannan dokarsu ce, ba hujja ba ce a kanmu. Mu nan Zamfara, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, caca laifi ce a dokar jiha. A Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, lamarin na majalisun jihohi ne. Saboda haka ba wanda zai fake da takardar Abuja.

WA KE SAYEN TIKITIN?

Ku duba da idonku. Ba Alhaji mai shago ke saye ba. Ɗan kabu-kabu ne, da ɗan dako, da yaron da uwarsa ta aika awo, da ɗan gudun hijirar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensa ya fake cikin garin Anka, da magidancin Gummi da ambaliyar 2024 ta rushe wa gida. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kwaɗayin sa'a. Kuma abin duk wata ne. Wata na farko don ƙungiya ya saya, wata na uku don ya rama. Daga nan sai cacar ƙwallo ta wayar hannu. Ku da kuka tara yara don ku raba su da zaman banza, ku ne za ku zama malamansu na farko a caca? Ga rigima: gobe a ce ɗan'uwan ma'aji ne ya ci, an yi maguɗi. Ƙungiyar da aka so ginawa ta watse.

MAFITA

Ba mu hana wasa ba, motsa jiki abu ne mai kyau matuƙar bai hana salla ba. Ga hanyoyi na halal:

1. Karo-karo: kowane ɗan ƙungiya ya ajiye abin da aka yanka duk mako, a rubuta, a karanta lissafi a bainar jama'a.
2. Gidauniya: a kira attajirai da 'yan gari mazauna Sakkwato, Kano da Abuja, kowa ya bayar don Allah, ba ya jiran komai.
3. Gonar ƙungiya: a nemi fili wajen mai unguwa, a yi gayya, a sayar da amfanin.
4. Waƙafi: shago ko injin niƙa da ribarsa za ta riƙa shiga asusu, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi.
5. Kyautar gasa: in wani mai hali ya sa ta daga aljihunsa, ba daga kuɗin masu takara ba, babu laifi.

Wanda ya riga ya fara, ya tsaya yau, ya tuba, a mayar wa kowa kuɗin tikitinsa. Wanda ba a gane shi ba, a yi sadaka da nasa a madadinsa. Ya zo cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai an umurce shi da yin sadaka. To ina ga wanda ya buga tikiti ya bi gida gida?

Kaɗan mai albarka ya fi mai yawa da alhaki. Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya shirya matasanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.