Kada Mu Bar Wa Mutum Ɗaya Ɗawainiyar Tsofaffinmu

Karatu: Markus 7:9-13, 1 Timoti 5:3-16

'Yan'uwa cikin Almasihu, tsawon rai albarka ce daga wurin Ubangiji, amma albarka ce mai zuwa da ɗawainiya. To, wa ke ɗaukar wannan ɗawainiya a gidajenmu?

Tun da 'yan mishan na SIM suka zauna a Kwoi a shekarar 1910, mutanen ƙasar Ham suka rungumi bishara tare da ilimin boko. Iyayenmu suka noma citta, suka biya kuɗin makaranta, har 'ya'yansu suka zama malamai da sojoji da ma'aikatan gwamnati a Kaduna, Abuja da Legas. Mun gode wa Allah. Sai dai a gidaje da yawa mutum ɗaya aka bari da tsofaffi: ko 'yar da ba ta yi nisa a karatu ba, ko matar ɗan da ya zauna a ƙauye. Ita ce mai yi wa Mama wanka, ita ce mai dafa wa Baba abinci marar gishiri saboda hawan jini, ita ce kuma mai kwana a kan tabarma idan an kwantar da su a asibitin Kwoi ko na Kafanchan.

Wannan hidima tana da tsada, ko da ba wanda ya rubuta ta a takarda. Duk ranar da 'yar'uwar nan ta wuni a asibiti, ba ta je gona ba, ba ta kasa kaya a kasuwa ba. Ciyawa ta ci gonarta, jarinta ya tafi wurin magani, a koro 'ya'yanta saboda kuɗin makaranta. Shekarar 2023 ta ƙara mata nauyi: aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin mota da na magani suka tashi, da damina kuma wata cuta ta lalata gonakin citta a Jaba, Kachia da Kagarko. Tsohon manomi ba shi da fansho. Citta ce ajiyarsa.

A cikin Markus 7, Yesu ya tsauta wa Farisiyawa saboda al'adar da ake kira korban. Mutum yakan ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, da haka ya kuɓuce wa taimakon iyayensa. Bari mu binciki kanmu. Akwai wanda zai sanar da babban baiko ranar godiyar kaka a yi masa tafi, alhali maganin mahaifiyarsa ya ƙare tun makon jiya. Akwai kuma iyalin da suka kasa haɗa kuɗin asibiti, amma da tsoho ya rasu sai a ajiye gawa makonni, a ɗinka anko, a yanka saniya. Da rabin kuɗin jana'izar nan ya zo tun yana da rai, da ya ci da bakinsa ya sa albarka.

Manzo Bulus ya gaya wa Timoti cewa kula da iyaye ramuwar alheri ce da ta rataya a wuyan 'ya'ya da jikoki, ya kuma ɗauki ƙin yin ta a matsayin musun bangaskiya. Mu lura, bai ware ɗa ɗaya ko suruka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, idan kun taru gida lokacin Kirsimeti ko bikin Tuk Ham, ku zauna ku yi lissafi a fili: magani, abinci, kuɗin mota. Kowa ya faɗi abin da zai riƙa aikowa duk wata, ya kuma cika. Ku sa wahalar mai jinya cikin lissafin: ku biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, ku ɗauki 'yan ƙodago su nome mata gona. Wanda ya sami hutu ya zo ya karɓe ta na mako biyu, ta huta. Ubangijinmu yana kan gicciye ya damƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna. Bai bar zancen a hannun kowa da kowa ba.

Ikkilisiya ma tana da nata rabo. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta da wasu gwauraye mata wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kan aikin. Bari dattawa su rubuta sunayen tsofaffin da ba su da kowa, Zumuntar Mata ta tsara ziyara bi da bi, matasa kuma su ba da yini ɗaya a gonar mai jinya.

Ke kuma 'yar'uwa da kike wannan hidima a ɓoye, kada ki karaya. Neman taimako wurin 'yan'uwanki ba rashin ƙauna ba ne, kuma Allah yana ganin aikinki.

Ubangiji ya ba mu zuciyar girmama iyayenmu tun suna da rai, ya ƙarfafa masu yi musu jinya, cikin sunan Yesu. Amin.